Ba kowane gauraye ne ke hana lantarki gudu ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa muddin aka cakuɗa wani abu cikin ƙarfe ko makamancinsa, to gudun lantarki zai ragu. A jan ƙarfe haka ne, domin baƙin ƙwayoyin zarra suna karkatar da elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, daga hanyarsu. Kuskuren shi ne a ce ko'ina haka abin yake.

Silikon tsantsa ba ya wuce da lantarki sosai. Kowace ƙwayarsa tana da elektron 4 a waje, duk a ɗaure da maƙwabta. Fosforas kuwa yana da 5, don haka na biyar ɗin yakan samu sakewa ya yi yawo. Ƙwaya ɗaya ta fosforas cikin miliyan ɗaya ta silikon tana ninka gudun lantarki sau wajen miliyan ɗaya. Da wannan gaurayen ake ƙera taransistan da ke cikin waya da kwamfuta.

A na'urori masu girman nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, abin ya fi ba ni mamaki. A 1964 Jun Kondo na Japan ya bayyana yadda ƙwayoyi masu maganaɗisu ke ƙara wa ƙarfe turjiya ga gudun lantarki idan sanyi ya tsananta. Sai ga shi a 1998 an ga wannan yanayin a cikin ɗigon kwantum, wato ɗan mitsitsin wuri da ake killace elektron a ciki, amma a nan ƙara gudun lantarkin yake yi, domin elektron ba su da wata hanya sai ta cikin ɗigon. A 2012 kuma, ƙungiyar Michelle Simmons a Ostireliya ta ƙera taransista da ƙwayar fosforas guda ɗaya tak, wadda aka dasa a daidai gurbin da ake so.