Difrakshan da Folarizeshan a Ilimin Fiziks

Difrakshan da folarizeshan ɗabi'u ne biyu na igiyoyi, irin waɗanda sauti da haske da saƙon rediyo ke tafiya da su. Difrakshan shi ne lanƙwasawar igiya da bazuwarta idan ta ratsa ƙofa ko ta wuce gefen shinge. Folarizeshan kuwa shi ne igiya ta riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya tak.

Difrakshan

Komai ya rataya ne a kan tsawon zangon igiya (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba) da girman abin da ta ci karo da shi. In sun yi kusan daidai, sai ta lanƙwasa sosai. Shi ya sa mai zaune a ɗaki a Tudun Wada ke jin kiran salla daga masallacin da ba ya hangowa. Zangon muryar mutum yakan kai kimanin mita 1, kusan faɗin ƙofa, amma na haske tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Masu sauraron rediyo sun daɗe da sanin wannan a aikace. Igiyar matsakaicin zango, mai ɗaruruwan mitoci, tana zagaye tudu ta bi doron ƙasa ta yi nisa. Ta FM kimanin mita 3 ce, don haka duwatsu irin na Kajuru kan tare ta, tasha ta fara hayaniya.

Francesco Grimaldi, ɗan Italiya, shi ya fara bayyana wannan ɗabi'a a haske, a littafinsa da ya fito a 1665 bayan rasuwarsa. A farkon ƙarni na 19 Thomas Young na Ingila ya ratsa haske ta ƴan tsaga biyu, ya ga layukan haske da duhu bi da bi, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa haske igiya ne. Launukan da ke walƙiya a bayan faifan CD ma daga nan suke.

Folarizeshan

Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska, amma kullum a gicciye da hanyar tafiyarsa. A 1808 Étienne-Louis Malus na Faransa ya gano cewa hasken da ya dawo daga gilashin taga ya karkata ga fuska ɗaya. David Brewster ya nuna a 1815 cewa akwai kusurwar da wannan karkatar ke cika; ga ruwa kusan digiri 53 ce. Saboda haka tabarau mai tace irin wannan haske ke kashe ƙyallin Kogin Kaduna da hantsi, har a ga abin da ke ƙasan ruwa inda bai gurɓace ba. Tabarau baƙi na bakin titi sau da yawa duhu kawai yake sawa, ba ya wannan aikin.

Masu saita dish sun fi kowa cuɗanya da abin. Haruffan H da V da ke cikin dikoda suna nufin kaɗawa a kwance ko a tsaye, ta yadda tauraron ɗan Adam zai aiko tashoshi biyu a kan zango ɗaya ba su cakuɗe ba. Kan na'urar ya ɗan juya, hoto ya ɗauke.

Sauti a iska ba ya folarizeshan, domin gaba da baya yake kaɗawa, a kan hanyar tafiyarsa. Wannan bambanci ne ya sa Augustin Fresnel ya tsaya a kan cewa igiyar haske a gicciye take kaɗawa, a 1821.