Ortofoni: horar da masu gyaran magana

Ortofoni reshe ne na aikin kiwon lafiya da ke kula da auna matsalolin magana, murya, fahimtar harshe da haɗiyar abinci, tare da gyara su ta hanyar atisaye. A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci, ana kiran mai wannan sana'a ortofonis, kuma yana aiki kafaɗa da kafaɗa da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, da likitan ƙwaƙwalwa, da malaman makarantun kurame. Ba ya fiɗa kuma ba ya rubuta magani. Cikin waɗanda ake kai masa akwai masu in'ina, da masu tsamin baki, da yaran da suka yi jinkirin fara magana, da kurame, da waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, da manyan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke musu magana.

Tarihi

Tushen ilimin ya faro ne daga binciken ƙwaƙwalwa na ƙarni na 19. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana lamarin wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, kuma bayan rasuwar majinyacin aka tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya nuna akasin haka, wato mutumin da magana ke zuba daga bakinsa amma ba ta da ma'ana, shi kuma ba ya gane ta wasu. Har yau da waɗannan misalai biyu ake buɗe darasin gushewar magana ga ɗalibai. Tun kafin haka, wajajen 1829, likita Marc Colombat ya buɗe wata cibiya a Paris don gyaran in'ina.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar sojoji masu yawa da raunin kai, abin da ya ƙara buƙatar masu koya wa babba magana daga farko. A 1924 Emil Froeschels ya kafa ƙungiyar masanan fannin ta duniya a birnin Vienna, kuma a 1925 aka kafa ƙungiyar da ta zama ASHA, wato ƙungiyar masu kula da magana da ji ta Amurka. A Ingila kwalejin masu sana'ar ta kafu a 1945, cikin waɗanda suka assasa ta kuwa har da Lionel Logue, wanda ya yi wa Sarki George na Shida aikin in'ina.

Reshen da ya iso Afirka ta Yamma mai magana da Faransanci kuwa ya bi ta hannun Suzanne Borel-Maisonny (1900–1995), masaniyar ilimin furuci. Daga 1926 ta fara aiki da likitan fiɗa Victor Veau a Paris, tana koya wa yaran da aka ɗinke musu ganda yadda za su fitar da sauti ba ta hanci ba, daga baya ta faɗaɗa aikin zuwa kurame da masu wahalar koyon karatu. An fara koyar da fannin a tsangayoyin likitanci na Faransa a tsakiyar shekarun 1950, dokar 1964 ta kafa takardar shaidar ƙwarewa, sannan a 2013 aka mayar da karatun shekara biyar, daidai da digiri na biyu.

A Afirka kudu da Sahara, jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta fara horon a ƙarshen shekarun 1930, amma yankin Sahel ya jima yana dogara da baƙin ma'aikata masu zuwa na ɗan lokaci. Sauyin ya zo a 2003, lokacin da makarantar horar da mataimakan likitoci ta ENAM da ke Lome, a Togo, ta buɗe sashen ortofoni da tallafin ƙungiyar taimakon naƙasassu ta Handicap International. Karatun shekara uku ne bayan jarrabawar bak ta kammala sakandare, kuma sashen ya karɓi ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta.

Abin da ake koyarwa

Ɗalibi yana farawa da sanin halittar kunne, maƙogwaro, harshe, ganda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan ilimin furuci da nahawu, da matakan girman yaro, kamar furta kalmar farko wajen shekara ɗaya da haɗa kalmomi biyu wajen shekara biyu. Daga nan ake shiga cututtuka ɗaya bayan ɗaya. Kaso mai yawa na karatun a ɗakin duba marasa lafiya ake yinsa ƙarƙashin idon ƙwararre. A Amurka, alal misali, ana buƙatar awa 400 na irin wannan aiki kafin kammala digiri.

Awo shi ne ginshiƙin horon. Ana koya wa ɗalibi ya fara da tambayar uwa ko kaka tarihin ciki da haihuwa da cututtukan da yaro ya yi, ya tabbatar an gwada jinsa, ya duba cikin bakinsa, sannan ya saurare shi yana wasa ko yana faɗin sunayen hotuna. Sai bayan haka yake tsara atisaye, wanda kan ɗauki watanni, kuma rabonsa mafi girma a gida iyaye ke yinsa.

Yanayin Nijar

Masu wannan sana'a kaɗan ne a ƙasar, kuma yawancinsu a Yamai suke, saboda haka iyali daga Tawa kan yi tafiyar fiye da kilomita 500 kafin su ga ɗaya. Buƙatar kuwa tana da fuskokinta na gida. Nijar tana cikin yankin sanƙarau, cutar da kan bar yaro da kurumta, kuma ƙyanda da zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa suna barin nasu tabon. Cutar noma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023, tana cinye leɓe da kumatu, ta ƙulle muƙamuƙi, har wanda ya warke ya buƙaci koyon tauna da magana bayan fiɗa. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana ɗinkin tsagaggen leɓe, kuma birnin yana da makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ.

Babban gibin horon shi ne na harshe. Gwaje-gwajen da ɗalibi ke koyo an tsara su ne a kan yaran Faransa, alhali yaron da za a kawo masa Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, sau da yawa ma biyu a haɗe. Hausa tana da sautukan ɓ, ɗ, ƙ, ts da ƴ, da nau'i biyu na r, da tsawon wasali da karin sauti masu sauya ma'ana, waɗanda babu su a Faransanci. Bambancin karin harshe ma yana iya ruɗar wanda bai san ƙasar ba: yaron Adar da ya ce hwari ko hita a inda Bakano zai ce fari ko fita, maganar gidansu yake yi daidai, ba shi da wata larura. Don haka ma'aikata kan fassara gwajin da kansu ko su zana hotunan abubuwan da yaro ya saba gani, kamar ƙwarya, raƙumi da turmi, aikin da ya cancanci a ba shi gurbi cikin manhajar karatu.

Iyalai da dama sukan fara zuwa wurin wanzami don cire beli ko yankan linzami, ko wurin malami don rubutun sha, kafin asibiti. Likitoci suna gargaɗi game da zubar jini da kamuwa da cuta a yankan gargajiya, kuma ra'ayi ya bambanta kan ko a yi aiki tare da wanzamai ko a nisance su.

In'ina

In'ina tana shafar kusan kashi 1 cikin 100 na manya, ta fi yawa ga maza, kuma yawancin yaran da suka fara ta suna dainawa kafin su girma.