Rini

Rini shi ne sauya launin tufa, zare ko gashi ta hanyar tsoma shi a ruwan launi har launin ya shige shi. Aikatau ɗinsa "rina": an rina zane, riga ta rinu, ruwa ya rine. Mai sana'ar shi ne marini, jam'insa marina, wurin aikin ma marina. Abin da aka shafa a sama kawai, kamar fentin bango, ba rini ba ne.

A da, in Bahaushe ya ce rini bai ƙara komai ba, na shuni yake nufi. Ana haƙa rijiyoyi a karofi, wato marinar, a shafe cikinsu da laso don kada ƙasa ta shanye ruwan, a zuba busasshen ganyen baba da toka, a bar su kwanaki har su tsima. Zane yakan fito kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Ana maimaita tsomawa har ya kusa baƙi, sannan mabuga su buge shi ya yi sheƙi, irin na turkuɗi. Yau galura da launukan kanti sun ci yawancin kasuwar, amma sunan bai canza ba.

A Katsina kalmar ta zauna a sunaye. Shehin malamin nan na ƙarni na 17, Muhammad Ibn al-Sabbag, da Ɗan Marina aka san shi, kuma "sabbag" a Larabce marini ne. Katsinawa sukan taƙaita su ce Ɗanmarna. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Akwai kuma garin Karofi a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma.

Wajen gashi, ana cewa dattijo ya rina gemunsa da lalle, ko mace ta rina furfura. Amma lallen hannu da ƙafa ƙunshi ne, ba wanda ke ce masa rini.

An kuma ari kalmar: idanun mai fushi ko wanda ya sha kuka sun rine. "A rina!" kuwa furuci ne na wanda abin da ya yi tsammani ya auku. Sai dai rinar "akwai rina a kaba" ƙwaro ce mai harbi, babu ruwanta da karofi.