Zaman ritaya a Fotugal

Zaman ritaya a Fotugal shi ne ƙaurar da 'yan fansho na wasu ƙasashe ke yi zuwa wannan ƙasa ta kudu maso yammacin Turai, don su ƙarasa sauran kwanakinsu a can. Galibinsu daga Birtaniya da Faransa da Jamus da Holan suke, sai Amurkawa da suka ƙaru a 'yan shekarun nan. Sun fi tarewa a Algarve, yankin bakin teku na kudu, inda ake samun rana kusan kwana 300 a shekara. Wasu kuma sukan zaɓi kewayen Lisbon ko tsibirin Madeira.

Ɗan Tarayyar Turai ba ya buƙatar biza, rajista kawai zai yi idan zamansa ya wuce wata uku. Saura, har da 'yan Birtaniya tun daga 2021 bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar, sukan nemi bizar D7, wadda aka tanadar wa mai samun kuɗi ba tare da ya fita aiki ba, kamar fansho ko kuɗin haya. Ana auna samun mutum da mafi ƙarancin albashin ƙasar, Yuro 870 a wata a 2025, a ƙara rabin haka saboda mata ko miji. Sai lambar haraji da ake kira NIF, da asusun banki, da shaidar masauki, da takardar da ta nuna ba shi da tarihin aikata laifi. Izinin zaman farko na shekara biyu ne, a sabunta shi na uku, bayan shekara biyar a nemi na dindindin. A takarda abin da sauƙi, amma AIMA, hukumar kula da baƙi da ta maye gurbin tsohuwar hukumar shige da fice ta SEF a Oktoban 2023, ta gaji tulin takardun dubban ɗaruruwan mutane, don haka jira ya zama jiki.

Ba rana kaɗai ta jawo su ba, haraji ma ya taka rawa. A 2009 gwamnati ta ƙirƙiro wani tsarin haraji na musamman mai suna NHR, wanda ya bai wa baƙo damar cin fanshonsa na waje shekara goma ba tare da ya biya ko sisi ba. Wannan ya ɓata wa ƙasashen da kuɗin ke fitowa rai, har Finlan da Siwidin suka soke yarjejeniyar harajinsu da Fotugal. A 2020 aka sanya wa fanshon harajin kashi 10 cikin ɗari, sannan a Oktoban 2023 Firaministan lokacin, António Costa, ya sanar da rufe tsarin ga sababbin shiga daga 2024. Wanda ya zo yanzu zai biya haraji kamar kowa, muddin ya wuce kwana 183 a ƙasar cikin shekara.

Dalilin rufewar a fili yake. Baƙo mai fanshon Faransa yana iya biyan hayar da ta fi ƙarfin malamin makaranta a Lisbon, masu gidaje kuma ba su ɓata lokaci ba wajen ƙara kuɗi. Matasa da dama sun kasa barin gidan iyayensu, kuma a 2023 dubban mutane suka fito zanga-zanga kan tsadar muhalli. Ba 'yan fansho kaɗai ne sanadi ba, akwai masu yawon buɗe ido da masu zuba jari, amma koken 'yan ƙasa yana da hujja.

Mai izinin zama yana da damar zuwa asibitocin gwamnati na SNS, tsarin da aka kafa a 1979, sai dai fiye da mutum miliyan ɗaya ba su da likitan iyali, shi ya sa baƙi da yawa ke haɗawa da inshora. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne sanyi. Tsofaffin gidajen an gina su ne don kare zafi, yawancinsu ba na'urar ɗumama ɗaki. A watan Janairu sai ka tarar da dattijo zaune a falo da rigar sanyi da bargo a cinya, bango ya yi danshi har ya fara baƙi, alhali a waje rana na haskawa.