Babur mai ƙafa huɗu ya ƙi tashi: tambayoyi da amsoshi ga masu shi a Kumasi

Babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira kwad, bai kai masu ƙafa uku irin su aboboya (mai ɗaukar kaya) ko pragya (mai ɗaukar fasinja) yawa a Kumasi ba. Masu shi galibi masu gonaki ne ta wajen Ejura, Mampong da Offinso, sai 'yan tsirarun da suka saya don sha'awa. Yawancin baburan na hannu ne da suka shigo ta tashar Tema: Honda, Yamaha, Suzuki, Polaris, da ƙananan nan 'yan Sin. Abin da ke kashe shi a nan shi ne wani ya ɗauke shi babur, wani ya ɗauke shi mota, kowa ya yi masa irin gyaran da ya saba, alhali yana da nasa hali. Ga tambayoyin da masu shi suka fi kawowa.

Na murɗa makulli, na danna sitata, ko motsi. Daga ina zan fara?

Fara da abin da ba ya cin ko sidi ɗaya. A hannun hagu akwai maɓallin kashe inji, sau da yawa ja ne, kuma yara na son taɓa shi. Duba ko a kunne yake. Sannan ka tabbatar giya tana firi, ko ka matse birki, domin yawancin waɗannan babura an ƙera su ne kada su tashi sai an cika ɗaya daga cikin biyun. Idan fitilar firi ba ta kawo ba, duba babban fiyus da ke kusa da batir.

Idan kana jin ƙas-ƙas-ƙas amma inji bai juya ba, batir ne ko kawunansa. Batir mai lafiya yana nuna kamar volt 12.6 idan ya huta. Da ya sauko zuwa 12 ya yi rauni. Idan inji na aiki, mitar awon wuta ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba babur ɗin ba ya caji, kuma ko sabon batir ka sa zai sake shanye shi. Mitar nan ba ta da tsada, ka ajiye ɗaya a gida. Goge farin garin da ke taruwa a kan batir, ka ɗaure sosai, har da baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur, don girgizar hanyar gona na sassauta ta. In za ka ja wuta daga batirin mota, motar ta kasance a kashe.

Sitata na juyawa sarai, amma inji ya ƙi kamawa fa?

Abu uku inji ke nema: wuta, mai da iska. Cire fulogi, mayar da shi cikin hularsa, jingina gindinsa a jikin inji, ka danna sitata. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so a gani. In babu, gwada sabon fulogi kafin ka zargi kwayil ko CDI, wato ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Kan fulogin ma yana ba da labari: ruwan ƙasa lafiya ke nan, baƙi mai toka mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari fat mai ya yi kaɗan kuma inji na cin zafi. Idan ya fito a bushe bayan an daɗe ana juyawa, mai ba ya isowa, sai ka duba famfon mai da tiyo. Akwai kuma siririn tiyon da ke saman murfin tanki. In ya toshe, babur zai tashi ya yi 'yan mintoci ya mutu, kana buɗe murfin ka ji iska ta shiga fuu, sai ya sake tashi.

Idan wuta da mai duk suna nan amma kullum da safe sai an sha fama, a auna tazarar bawul. Idan ta matse inji ba ya riƙe matsi, kuma gyaranta bai kai ga sauke inji ba.

Yana tashi da cok, amma da na saki cok ɗin sai ya mutu. Injin ne ya gaji?

A'a, kuma kada ka yarda a fara yi maka maganar garambawul a kan wannan. Ciwon ajiya ne. Kwad ba ya fita kullum kamar babur ɗin kasuwa, ana gama aikin gona sai a jingine shi wata biyu ko uku da fetur a cikinsa. Fetur ɗin da ke kwanon kafireta sai ya bushe ya bar danƙo, danƙon ya toshe ƙaramin jet ɗin silo, wanda shi ke ba inji mai idan ba a taɓa totur ba.

Kwance kwanon ƙasan kafireta. Za ka tarar da jet biyu na tagulla, gajere mai kauri da dogo siriri. Siririn ne mai laifi. Cire shi da sukudireban da ya yi masa daidai, don tagulla ba ta da wuyar gutsurewa, ka ɗaga shi sama ka leƙa ta hasken rana. In ba ka ga ɗigon haske a ƙarshensa ba, ya toshe. Jiƙa shi a maganin wanke kafireta, ka busa da iska. In ya ƙi, zare silin waya guda ɗaya daga cikin wayar wuta ka zura a hankali. Ban da allura, ban da ƙusa: ramin yana faɗaɗa, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ba ya komawa yadda yake. Idan za ka ajiye shi nan gaba, rufe famfon mai ka bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Masu injekta ba su da wannan jet ɗin, amma tsohon mai na lalata musu famfon da ke cikin tanki, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Me ya sa ake yawan maganar filtar iska?

Saboda ita ce ta tsaya tsakanin fistin ɗinka da ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ga buji ga jar ƙasar hanyar gona, kuma kwad tayoyinsa huɗu ke tayar da ƙura a ƙarƙashin kujerar da filtar take. Yawancin filtocin soso ne, kuma soso busasshe ba ya tare ƙura. Sai an wanke shi, ya bushe sarai, an shafa masa mai, an matse rarar ba tare da an murɗe shi ba. Nan ne masu gyaran babur ke yin kuskure da kyakkyawar niyya: su wanke shi tas su mayar a bushe. Bayan ka cire filtar, sa yatsa cikin bututun da ke zuwa kafireta. In ka ji ƙasa-ƙasa, ƙura tana shiga inji, kuma ita ce ke cinye ringi har a fara ganin shuɗin hayaƙi a salansa.

Inji na kuka sosai amma babur ba ya tafiya, ga warin roba. Mene ne?

Bel ne. Polaris, Can-Am, da Yamaha irin su Grizzly da Kodiak suna tafiya ne da bel ɗin roba a cikin akwati a gefen inji. Honda irin su Rancher da Foreman ba su da shi. Idan ka fito daga ruwa ne abin ya fara, ruwa ya shiga akwatin. Akwai toshi a ƙasansa, buɗe shi ruwan ya zube, ka mayar, ka sa firi ka ɗan riƙa ba da wuta na minti kaɗan har bel ya bushe. Idan kuwa da kaya ne ya fara, to tuƙin ne. Jan tirelar masara ko doya, hawan tudu da tafiyar sannu a laka duk aikin giyar L ne, wato ta ƙarfi da sannu. Mai yin su a H, giyar gudu, yana ƙona bel a wuri guda, daga nan babur ya riƙa fizga. Bel ɗin da ya yi ƙyalli ko ya tsattsage a canza shi, kuma kada giris ko mai ya kusanci fulolin da bel ke juyawa a kansu.

Ya nutse mini a rafi, ya mutu a ciki. In sake danna sitata?

Kul! Wannan dannawar ita ce ke mayar da aikin yini ɗaya ya zama sayen inji. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya cika silinda, fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Kumasi na da damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka wannan tambayar ba ta ƙarewa.

A turo shi waje da hannu. Rufe mai, buɗe akwatin filta ka zubar da ruwa, ka cire filtar. Ku samu ƙarfafa biyu ko uku ku ɗaga gabansa sama don ruwan salansa ya fita. Cire fulogi, sannan ka danna sitata, ka kauce daga saitin ramin domin ruwa zai yi tsartuwa da ƙarfi. Zubar da abin da ke kwanon kafireta. Sai ka zaro sandar awon baƙin mai: in ya koma fari-fari mai kauri kamar koko, ruwa ya gauraye da shi. Juye shi, canza filtar mai, zuba sabo mai araha, kunna na 'yan mintoci, sake juyewa, haka har sai ya fito da kalarsa, sannan ka zuba mai kyau. Kada a manta da man difa na gaba da na baya. A yi duk wannan a ranar, don tsatsa ba ta jiran gobe a cikin boris.

Yana zafi, fitilar gargaɗi na kawowa.

Leƙa lagireto da tocila. Laka ce ta bushe a tsakanin siraran ƙarafansa. Wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwan tiyo mara ƙarfi, don injin wankin mota na lanƙwasa su. Duba ko fanka na juyawa da fiyus ɗinta, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Iska nawa ake ba tayarsa? Nawa yana ja gefe guda.

Wannan ita ce ta fi damuna, domin tana taɓa rai. Tayar mota na ɗaukar psi (ma'aunin iskar taya) 30 zuwa 35. Ta kwad galibi tsakanin 3 da 7 take, kuma adadin naka yana rubuce a jikin babur. Mai faci da bai saba da ita ba zai ga tana lotsawa ya ce ba iska. Ka tsaya a kansa, ka ce masa cikin mutunci, "Masta, wannan ba irin ta mota ba ce, biyar kawai take so." Ma'aunin da ke hannunsa ma ba ya karanta ƙasa da goma da kyau, sai ka zo da naka ƙarami. Taya mai iska da yawa tana tsalle, ba ta kama ƙasa, tana kifar da mutum a kwana. Yawancin ƙananan kwad kuma tayoyin bayansu a kan sanda ɗaya suke, bambancin psi ɗaya tsakanin hagu da dama ya isa ya sa ya riƙa ja gefe. Daidaita iska tukuna kafin a taɓa sitiyari.

Tun da an zo nan: ƙafa huɗun na sa iyaye su ga kamar ba ya faɗuwa, su miƙa wa yaro. Kamfanonin da kansu sun manna gargaɗi cewa babba ba na wanda bai kai shekara 16 ba ne, kuma mai kujera ɗaya ba a goyo a kansa. Babba yana haura kilo 250, in ya kife kan mutum yake komawa. A sa hular kwano ko a gona ne.

Baƙin man mota zai yi masa?

A Honda, Yamaha da Suzuki akwai kuloci da ke wanka a cikin man inji. Wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, irin 10W-40. Lissafin juyewa da awa ake yi, Honda na cewa awa 100 ko kilomita 1,000, amma mai aiki cikin ƙura da laka ya rage.

Ina jin ƙaf-ƙaf idan na karya kwana.

Duba baƙar robar da ke rufe gaɓar sandar taya. Kututturen gona na yaga ta, giris ya fita, ƙasa ta shiga. In ka kama ta tun ba ta fara ƙara ba, roba da giris kawai za ka saya. In ta fara, gaɓar ta tafi.

A ina zan samu kayan gyara, wa kuma zan kai wa?

Ƙananan 'yan Sin masu cc 110 zuwa 250 sun fi sauƙi, domin injinsu dangin na baburan da ke yawo a Aboabo da Asawase ne, fulogi, kafireta da kwayil duk ana samu. Sai dai CDI iri biyu ne, mai shan wuta daga batir da mai sha daga kwayil ɗin inji, kuma ba sa musanya ko da soket ɗinsu ya yi kama. Tafi da tsohon a hannu. Na manyan kuwa, bel, robar gaɓa da filta ba kasafai ake samunsu a shago ba, ko a Suame Magazin, unguwar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, ko a kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Accra, sau da yawa sai an yi oda. Rubuta lambar jikin babur mai harafi da lamba 17, da sunan samfurin da shekararsa, kafin ka tura kuɗi.

Magazin na da masu hannun da za su ƙera maka abin da babu shi a kasuwa, kuma don walda, boris, birki ko gyaran wayoyi ba ka da matsala. Amma kafin makanike ya kwance maka inji, tambaye shi ko ya auna matsin silinda, kuma nawa ya samu. In kana jin bugu daga ƙasan inji, ko ka ga ɓurɓushin ƙarfe a man da aka juye, ko matsin ya faɗi bayan an daidaita bawul, to buɗewa ta zama dole. Ka nemo littafin gyaran samfurinka a intanet ka kai masa a waya, don adadin ɗaurin kusoshin kan silinda da tazarar bawul na ciki.