Me ake nufi da kapul a darasin statiks?

A darasin statiks, wato nazarin yadda ƙarfi ke aiki a kan abubuwan da ke tsaye ba sa motsi, ɗaliban injiniya a jami'a da poli da yawa sun haddace cewa kapul ƙarfi ne guda biyu masu girma ɗaya, a kan layi biyu da ba sa haɗuwa, ɗaya ya nufi nan ɗaya ya nufi can. Haddar daidai ce, amma ka tambaye su amfaninsa sai ka ji tsit, kuma wallahi abin yana damuna, don kullum muna ganinsa a bakin titi.

Ka tsaya wajen mai faci ka ga yadda yake kwance notin taya da sifana mai giciye. Hannun dama na danna ƙasa, na hagu na ɗagawa sama. In ka tara ƙarfin hannayen biyu sifili ne, ba abin da ke ture notin gefe, amma ga shi yana juyawa. Toh wannan shi ne kapul. Lissafinsa kuma ba wuya, ƙarfin hannu ɗaya sau tazarar da ke tsakanin hannayen: kowane hannu niyutan 200 (niyutan shi ne ma'aunin ƙarfi), tazara rabin mita, juyin ya zama niyutan-mita 100. Abin da ya fi burge ni shi ne ko daga ina ka auna, daga tsakiyar notin ne ko daga bakin sifanar ko can wajen sitiyari, amsar ba ta canzawa, 100 ɗin nan ce. Bafaranshe Louis Poinsot ne ya tsara wannan ka'ida a 1803, har yau da ita ake aiki.

Yanzu ka ba shi sifana mai hannu ɗaya, tsawonta rabin mita, ya danna da niyutan 200. Juyin dai 100 ne, amma notin kuma yana ɗauke da nauyin 200 da ke danna shi ƙasa, shi ya sa sifanar ke zamewa ta cinye kan noti in ba a tare ta ba. A nan ne maganar tsarin ƙarfi biyu masu daidai da juna ta shigo, wato tsari biyu da tasirinsu a kan abu iri ɗaya ne. Ƙarfin da ke can bakin sifana kana iya ɗauko shi ka ajiye a tsakiyar noti, muddin ka ƙara masa kapul na 100, shikenan sun zama ɗaya. Sharaɗin kawai jimlar ƙarfi ta yi daidai, jimlar juyi daga wuri guda ita ma ta yi daidai. Haka injiniya ke yi in zai lissafa kusoshin gindin allon talla da iska ke bugawa can sama.

Sai dai a kula, wannan daidaiton na abin da ake gani daga waje ne, an ɗauka ƙarfen ba ya lanƙwasa. In ana son sanin inda sifanar za ta karye, dole a mayar da ƙarfin ainihin wurin da hannu ya danna.