Hayar daji don farautar barewa: me ake nufi, kuma ya ake gane fili ya ci kuɗinsa?

Akwai wani abu da Amurkawa ke ce wa "hunting lease", a taƙaice dai hayar daji ce don farauta. Mai fili, ko manomi ne ko mai kiwon shanu ko kamfanin katako irin su Weyerhaeuser, zai karɓi kuɗi hannun mafarauci ko ƙungiyar mafarauta ya basu izinin shiga filinsa su yi harbi, na shekara ɗaya ko na lokacin farauta kawai, wani ma na 'yan kwanaki. Mu da muka saba ganin 'yan farauta sun fita da rani da karnukansu da gora babu mai tambayarsu ko sisi, abin zai zo mana wani iri. Toh amma a jiha kamar Texas sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar duk ta mutane ce, an zagaye da waya, ka tsallaka ba izini sai dai kotu ta raba ku.

Abin da yawanci ba a ganewa shine ba barewar ka siya ba fa. A dokar Amurka namun daji amana ce a hannun gwamnatin jiha, ba na mai fili bane, shi ƙofa kawai ya buɗe maka. Sai ka yanki lasisinka daban, ka jira lokacin da aka buɗe, kuma akwai iyakar yawan da zaka harba. A Texas shi kansa mai filin sai ya yanki lasisin bada hayar. Kaga kenan mutum zai iya biyan kuɗin shekara cif ya koma gida hannu rabbana, shi yasa kafin a sa hannu ake tsayawa a auna filin sosai.

Da eka ake yanka farashi, eka kuwa bata kai rabin hekta ba. Amma girman fili ba shine magana ba. Abu uku suke fara dubawa: abinci, ruwa, da maɓoya. Abinci shine gonar masara ko waken suya a kusa, ko itatuwan oak masu zubar da ƙwallo da kaka. Maɓoya kuma ita ce sarƙaƙiya da duhuwar da barewa ke kwanciya da rana. Nan ne abin ke bani dariya, don wajen da manomi zai ce asara ce, fadamar da tarakta bata shiga, kwazazzabo, ƙaya ta ko'ina, shine wajen da mafarauci zai ƙara kuɗi a kai. Shimfiɗaɗɗiyar gona tas ba bishiya ko ɗaya, barewa zata zo ta ci da daddare ta koma kwana filin wani kafin gari ya waye, kai kuma doka bata baka damar harbin dare ba.

Sai maganar ƙaho, wadda ita ce ke tada farashi da gaske. Namijin barewar can yana da ƙaho mai rassa, duk shekara ya zubar ya fito da sabo, kuma sai ya kai shekara biyar zuwa shida ƙahon ke cika girma. Har da inci suke aunawa, a tsarin ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, inda ƙahon barewa mai farar wutsiya (whitetail) sai jimillar awonsa ta kai inci 170 zai shiga babban kundinsu a ajin ƙahon da ya fito daidai gefe da gefe. Yankunan da suka yi suna da irin wannan, kamar gundumar Buffalo a Wisconsin, Pike a Illinois, ko kudancin Iowa, hayarsu tafi ta dajin katako na Jojiya ko Alabama tsada nesa ba kusa ba. A Iowa ma in ba ɗan jihar bane kai sai ka shiga ƙuri'a, ka iya shekaru kana jiran izini.

Ni a ganina abin da yafi komai nauyi ma baya cikin filin, maƙwabta ne. Namiji ɗaya yana yawo a faɗin ɗaruruwan eka, in watan Nuwamba ya kama lokacin barbara kuma ya ƙara nisa yana bin mata. Kai ka haƙura ka ƙyale ɗan shekara biyu wai ya girma, ya tsallaka waya maƙwabcinka ya kwantar dashi da safe. Dan haka eka 80 a tsakiyar mutane masu haƙuri, ko jikin wajen da aka hana farauta, tana iya fin eka 500 da kowa ke harbin duk abin da ya gifta.

Akwai kuma iska. Hancin barewa ba wasa ba. Mafarauci zai hau ɗan dandamalin da ya ɗaure a jikin bishiya tun kafin asuba cikin sanyi, in hanyar shigarsa guda ɗaya ce kuma iskar ranar tana kwasar warinsa tana kaiwa cikin duhuwar da suke kwance, ya gama, ko wutsiya bazai gani ba. Fili mai mashiga biyu ko uku yafi daraja saboda wannan, haka wanda yake da ɗan siririn kurmi da ya haɗa dazuka biyu, don dole ta nan zasu bi.

Dillalai suna son nuna hoton kyamarar da ake maƙalawa a bishiya, ga ƙaton namiji ƙaho kamar reshe. A duba kwanan wata da lokacin da ke jikin hoton, in duk ƙarfe biyun dare ne ko na shekara uku baya, ba wani abin kirki ya nuna ba. Masu wayo takawa suke da ƙafa su ga sawu, kashi, da bishiyoyin da aka goge wa ɓawo da ƙaho. Suna kuma tambaya ko yankin na da cutar CWD mai cin ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967, don inda ta ɓulla sau da yawa ana hana zuba abincin jawo su.

Sauran kuma takarda ce: mutum nawa zasu shiga, ko mai filin da 'yan uwansa suma zasu dinga harbi, ko talo-talo da agwagwa da aladun daji suna cikin kuɗin, wa zai biya inshora in wani ya faɗo daga bishiya, da ko za a sabunta baɗi a farashi ɗaya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don ana yi, ka shekara uku kana shuka musu ciyawa kana gyara waje, barewa ta yi yawa, wani yazo ya ɗora kuɗi a kan naka ya karɓe.